Ƙullin Zare a Motar Kyaftin

Litinin, bayan Azahar

Auta, ka yi haƙuri da zan dame ka da abin da ba kai ka ɗauko ba. Na san kana da aikinka da iyalinka, na kuma san yadda kuka rabu da babanku a ƙofar gareji, ba zan tayar da wannan ba. Ban ma tabbata zan aiko maka da abin da nake rubutawa ba. Kawai in na ce da kai nake, hannuna ya fi sakewa.

Yau an kawo wata mota. 'Yar guntuwa ce, kujera biyu, ba rufi, koriya shar, ta kwanta a ƙasa kamar an danne ta. Ta girme ka nesa ba kusa ba. Mai ita wani dattijo ne, matuƙin jirgin sama da ya ajiye aiki, Kyaftin ake ce masa. Ya ce tsohon dinamon da ke cika batir ya gaji, in ya kunna fitila sai ta yi ja kamar garwashi. Ya zo da sabuwar altaneta a kwali, a sa masa ita a maimakonsa. Ƙarshen wata yake so ya ɗauki matarsa su yi doguwar tafiya, irin wadda suka yi da motar suna sabon aure.

Ina tsaye bayan labulen ƙofar da ta haɗa tsakar gida da gareji. Da za su yi sallama babanku ya miƙa hannu, hannun ya wuce ta gefe. Kyaftin ya kamo shi yana dariya, ya ce, "Oga, tun ba a fara aikin ba ka fara kauce mini?"

Babanku ya karɓi aikin.

Talata, hantsi

Ba ka sani ba, ya sallami masu taya shi aiki tun watannin baya. Ya ce ba su da ladabi. Suna da shi.

Yau da safe ya kira ni ciki. Rabona da in tsaya a garejin nan fiye da ajiye kwanon abinci har na manta. Ya ɗaga murfin inji, ya laluba, ya ɗago wata waya.

"Malama, wannan wace kala ce?"

Ka san tsokanarsa, tun da ya ji na sauke Alƙur'ani kafin aurenmu yake kirana haka. Na ce baƙa ce. Ya ce, "Ba baƙa a wurin nan, goge ki gani." Na dangwali fetur da tsumma na goge, sai ga ruwan ƙasa da siririn layi fari a jiki. Ya gyaɗa kai kamar an ba shi labarin wani tsohon abokinsa.

Sannan ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na ce alkawari bai isa ba? Ya ce, "Ki rantse." Na ce har da 'ya'yanka? Ya ce, "Musamman ma wancan."

Na rantse, Auta. Ina sane da nauyinta na ɗauka.

Alhamis, bayan La'asar

Mun sami hanyar aiki. Ba zai yiwu kowace waya ya taɓa sai ya tambaye ni ba, ga tukunya a wuta, ga salla. Na ɗauko zare mai kauri daga kwandon ɗinkina. In na goge waya na ga kalarta, sai ya dasa mata fitilar gwaji, ni kuma in ce ta kama ko ba ta kama ba. In ya gane inda ta nufa, sai in ɗaura mata zare in yi ƙulli. Wata ƙulli guda, wata biyu, wata in bar mata jela doguwa. Yana bin su da babban yatsa kamar mai jan carbi, bai taɓa rikita ko ɗaya ba.

Wallahi in ka gan shi daga baya, ba ka ce da abin da ya canza. Hannun nan yana nan. Ya kwance dinamon bai yar da noti ko guda ba. Sai dai in ya ajiye sifana, dole in bar ta daidai inda ya ajiye. Jiya na matsar da ita don in share wurin, ya daɗe yana shafa tebur, bai tambaye ni ba, ni ma ban iya miƙa masa ba.

Mai faci na maƙwabtanmu ya leƙo ɗazu, ya gan ni riƙe da fitila.

"Oga ya ɗauki sabon ma'aikaci ke nan. To wannan dai ba za ta gudu da filaya ba."

Babanku ya ce, "Sufeto ce, an turo ta ta ga ko ina aiki ko barci nake."

"Nawa kake biyan ta?"

"Ita ke biyana, da faɗa."

Suka yi dariya. Na tsaya na kare wayoyin da jikina har ya tafi.

Juma'a, da safe

Ya zuba ruwan shayi a gefen kofi. Na goge kafin ya gane.

Lahadi, bayan Azahar

Kyaftin ya zo, ya riga ya faɗa zai zo. Tun kafin ya iso muka kwance zaren duka, na zuba a aljihu. Babanku ya ce in mutumin ya ga mota da ƙulle-ƙullen zare, ko ya ɗauka asiri muke mata, ko ya gane. Bayan ya tafi muka sake gwada kowace waya da fitila, na mayar.

Na kai musu shayi na tsaya bayan labule. A nan na ji bayanin aikin sosai, kai ka san shi, amma bari in faɗa yadda na fahimta, ko ka ga inda na ɓata.

Akwai tsoffin wayoyi guda biyu da suka fito daga wani ƙaramin akwati na tsohon dinamo. Kaurinsu ɗaya, dukansu ruwan ƙasa. Ɗaya ta tafi kai tsaye wajen batir. Ɗayar kuwa sai ta shiga ciki, ta bi ta bayan allon da ke gaban direba, ta ratsa wani ɗan agogo mai allura da ke nuna caji. Babanku ya ce wutar sabuwar altaneta ta ninka ta tsohon, kamar a buɗe babban famfo ne a ce ruwan ya bi ta ƙaramin tiyo. Dole a haɗa ta da wadda ta tafi batir, a ƙara mata ƙarfi, ita kuwa ta agogon a cire ta a toshe bakinta.

Kyaftin ya ce, "Wato allurata ba za ta ƙara motsi ba?"

"Ba za ta ƙara ba, ranka ya daɗe."

"Oga, ni fa rayuwata duka kallon allura na yi. A bar mini ita mana."

"In na bar maka ita, wata rana kana tafe da fitila a kunne, wuta za ta tashi a kan gwiwarka."

Kyaftin ya ce to a yi yadda ya dace, ba a gardama da mai aiki a kan aikinsa. Mutumin kirki ne. Da ma ba shi da kirki, da abin ya fi mini sauƙi.

Talata, bayan mun dawo

Mun je asibiti. Likita ya yi bayani mai tsawo, har ya zana mini abu a takarda. Na dama, ya ce ba sauran magana. Na hagu, mu ci gaba da ɗiga maganin, Allah ne mai iko. Ya tambayi babanku ko har yanzu yana aiki. Ya ce, "A'a, zaune nake." Likita ya dubi faratansa, ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

A hanyar dawowa ya riƙe gefen mayafina maimakon hannuna, wai kada mutane su ce tsofaffi sun fara soyayya a titi. Duk hirarsa a kan bel ɗin altaneta ce, ya ce wanda aka zo da shi ya yi gajere.

Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai bana.

Laraba

Ruwa ake yi tun safe. Rufin gareji yana yoyo ta kusurwa, na tara bokiti. Bai fito ba, kansa ke ciwo.

Alhamis, kafin Magariba

Yau abin da nake tsoro ya faru, ko kuma rabinsa.

Mun kai wajen wayoyin nan biyu. Ya yanke bakinsu da ya ci tsatsa, ya feƙe, daidai inda na goge har layin jikinsu ya fito. Abin da ya rage duk ya dafe, tsufa ya cinye layin, sai zarena kawai ke raba su. Mai ƙulli guda ta batir, mai ƙulli biyu ta agogo. Yana ɗora dalmar liƙin waya a wuta sai muka ji tsayuwar mota a waje, da muryar Kyaftin yana sallama. Bai faɗa zai zo ba.

Babanku ya ce a hankali, "Zaren."

Na bi na tsittsinke su da almakashi, na dunƙule a tafi.

Da matarsa ya zo, wai ta matsa sai ta ga motar. Dattijuwa ce mai jiki, da sanda, ƙafa ɗaya ba ta ɗaukarta sosai. Ta gaishe ni da fara'a, ta ce, "'Yar'uwa, ke ma an ja ki cikin shirmen nan nasu?" Na ce abinci na kawo. Ta ce sai ta zauna a kujerarta. Kyaftin ya riƙe ta ta zame ciki, ta shafa allon gabanta, ta ce har ƙamshin bai canza ba. Gwiwoyinta sun shige can ƙarƙashin allon.

Fitowa ce ta zama aiki. Kujerar tana ƙasa ƙwarai. Shi ya kama hannu ɗaya, ni na kama ɗaya, muka ja, ta koma, muka sake. Tana ta dariya har da hawaye, ta ce, "Shigarta sauƙi, fitarta sai da addu'a. Ka ga abin da ka aura, Kyaftin, a da, da tsalle nake fita."

Na yi dariya tare da ita. Ina kallon inda gwiwarta ta fito.

Da suka tafi na zo mayar da zare. Ba halin gwadawa da fitila, batirin ya mutu murus tun shekaranjiya. Na tsaya a kan wayoyin biyu. Na tuna ta batir ce ta gefen bango. Na ɗaura. Ya ce, "Kin tabbata?" Kansa na ciwo, ana kiran salla, dalma ta narke. Na ce na tabbata.

Ya haɗa, ya liƙe, ya naɗe da baƙin tef.

Juma'a, bayan Asuba

A raka'a ta biyu abin ya faɗo mini. Da matar ta zo wucewa, mayafinta ya ja wayoyin, na sa hannu na gyara su. Ban san ko na mayar da su yadda suke ba.

An koya mana in ka yi shakka a salla, ka bar abin da kake kokwanto ka gina a kan abin da ka tabbatar. Na duba, ban tarar da abin da na tabbatar ba.

Na gaya masa yana shan shayi. Ya ce, "Waswasi ne, Malama. Ke da kike sake alwala don kin ji ƙuda ya taɓa ki." Na ce a ari batirin mai faci a gwada. Ya ce in ya aro, mai faci zai biyo batirinsa ya tsaya a kanmu, wa zai ce fitila ta kama? Na ce a kwance tef ɗin kawai. Ya ce, "Kin ce kin tabbata. Ko ba ki ce ba?"

Na ce na ce.

Asabar

Ban shiga gareji ba. Na wanke abin da ba ya buƙatar wanki.

Litinin, bayan La'asar

An tayar da motar.

Kyaftin ya zo da ɗayar motarsa, aka ja wuta daga batirinta. Bugu biyu ta kama. Ƙararta ta cika gareji har mai faci ya bar aikinsa ya zo. Kyaftin yana zaune a kujerar direba, ya kunna fitilu, haskensu ya bugi bango fari tas da rana tsaka. Yana ta taka mai yana murmushi kamar yaro. Babanku ya sa kai a ƙarƙashin murfin inji yana sauraron bel.

Na shigo da tiren shayi, na bi ta gefen motar. Idona ya faɗa a kan ɗan agogon nan. Allurar ta tafi can ƙarshe ta jingina, tana karkarwa.

Auta, na san abin da hakan ke nufi. Ina bayan labule ranar da aka yi bayanin. Amma ni matar gida ce da ta kawo shayi, me na sani a kan allura? In na buɗe baki a gaban baƙi, sai a tambayi yadda aka yi na gani shi bai gani ba. Na ajiye tire. Na zuba shayi kofi uku. Na sa sukari. Ina jin injin yana ta gurnani. Ban san tsawon lokacin ba, ya dai isa shayin ya daina tururi.

Ban ce komai ba.

Kyaftin ne ya ce, "Oga, ashe tsokanata kake. Ka ce allurata ta mutu, ga ta nan ta fi kowa rai."

Babanku ya ɗago kai a hankali. Fuskarsa tana kallon wajen ƙofa, ba wajen mai maganar ba.

"Ta motsa?"

"Motsi? Ta kai bango, zo ka gani."

Bai je ba. Ya ce, "A kashe, ranka ya daɗe. Bel ɗin bai zauna ba." Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya ce a ba shi zuwa Asabar. Kyaftin ya ce ba matsala, Lahadi za su kama hanya, matarsa har ta gama haɗa kaya.

Da suka watse, hayaƙin inji ya lafa, sai wani wari ya fito daga cikin motar, irin na roba a wuta. Ya tsaya yana shaƙa. Ina jira ya yi mini faɗa. Da ya yi, da na ji daɗi. Ya ce kawai, "Rufe ƙofar gareji."

Talata, bayan Azahar

Gyara haɗin bai ɗauke mu komai ba, mun mayar da kowace waya inda ya kamata. Sai ya ce a duba bayan allon.

Wurin ƙunci ne, sai mutum ya kwanta da baya a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje. Ya shiga ya laluba, ya fito yana murza yatsu, baƙi ya manne musu. Ya ce in shiga in gani. Da shekaruna, da gwiwar nan tawa, na kwanta da tocila a baki.

Wayoyin wurin a dunƙule suke wuri ɗaya kamar kitso, suna da yawa. Wadda ta yi zafi tana tsakiya. Ta narke, ta narkar da na kusa da ita, sun manne sun zama abu guda, tsawon kamu ko fiye. A wani wurin ina ganin jan ƙarfen tsirara yana kusa da ɗan'uwansa.

Yana tsugune a waje yana tambaya, "Wace kala kike gani?"

Na ciro tocilar na ce, "Babu kala. Duk sun ƙone."

"Goge."

Na goge, robar ta biyo tsumman.

Ina kwance a wurin, ina kallon abin da idona ke gani amma ban san shi ba, shi ya san shi amma yana waje. Da ƙyar ya jawo ni na fito.

Laraba, hantsi

Ya ce zai raba su da yatsa gwargwadon iko, ya naɗe da tef, ya mayar da allon. Tunda babbar wutar ta daina bi ta nan, zai riƙe.

Na ce, "Zai riƙe, ko kana fata ya riƙe?"

Ya ce, "Shekara nawa ina aikin nan?"

Na ce, "In a hannun wani ka ga wannan, me za ka ce?"

Ya ce in Kyaftin ya ji, kafin sati kowa ya ji, daga nan sai zaman tabarma, ana wucewa ana cewa Allah sarki. Ya ce, "Wa zai kawo mota wajen..." Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ƙarasa masa ba.

Na ce akwai wanda ya san hannunka, ya san irin wayar nan, kai ka koya masa. Ya tashi tsaye, ya bugi bokitin yoyo da ƙafa ba da niyya ba, ruwan ya malale. Ya ce, "Kin rantse."

Laraba, kafin Magariba

Yana ciki tun azahar, kwance a ƙasan sitiyari shi kaɗai. Ina jin ƙarar tef yana warwarewa. Bai kira ni ba.

Makullin motar yana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Na tsaya a gabansa. Da na matsar da shi zuwa ƙusa ta gaba, ba zai same shi ba har Asabar ta wuce. Na ma ɗaga hannu. Sai na ji kunyar Allah. Ba zan yi masa haka ba, ba ta wannan hanyar ba.

Alhamis, bayan Asuba

Na bar shi ya idar da lazimi, na zo na zauna a gabansa, kusa, inda na hagun ke iya ganin inuwata.

Na ce, "Malam, na zo in gaya maka da bakina, don kada ka ji a wani wuri. Rantsuwar da na yi maka zan warware ta, in yi kaffara. Wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, an ce ya yi kaffara ya bi alherin. Motar nan ba za ta fita da matar nan a ciki haka ba. In Kyaftin ya zo Asabar ba a gyara ba, ni zan fito daga bayan labule in gaya masa."

Ya ce, "Ke kika ɗaura zaren."

Na ce, "Ni na ɗaura. Kuma na ga allurar na yi shiru. Da wannan zan fara in na tsaya gabansa."

Ya juyar da fuska. Na zauna ina jira. A aurenmu ban taɓa ce masa zan yi ba bayan ya ce kada a yi, ban san abin da ke biyo baya ba. Na shirya wa ko mene ne.

Can ya ce, "Rubutun da kike yi kullum, ina jin ƙarar takarda. Shi kike wa?"

Na ce shi.

"Har da asibiti?"

"Har da shi."

Ya ɗauki carbinsa, ya ajiye. Ya laluba takalminsa ya sa, ya nufi ƙofar gareji. Na ɗauka shi ke nan. A bakin labule ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce, "Wayar da ake sayarwa a nan ba ta da kyau, jan ƙarfenta kaɗan ne. In mutum zai zo, ya taho da tasa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ci abincin safe ba, kuma bai ƙara yi mini magana ba har yanzu. Yana zaune a kan benci kusa da motar, hannuwansa a cinya, bai taɓa komai ba.

Alhamis, hantsi

Zan ɗauki hoton shafukan nan da salula in turo maka yanzu, ban gyara komai a ciki ba. In rubutun bai fito ba, ka yi haƙuri, hannuna ne.

Na duba daga farko na ga akwai abin da na yi ta zagayewa ban rubuta ba. Babanku ba ya gani, Auta. Ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana bin sa.

Ban ce ka manta abin da ya shiga tsakaninku ba, ban kuma yi maka alkawarin zai tarbe ka da fara'a ba. Kyaftin zai zo Asabar da hantsi. In za ka zo, gobe ce kawai ta rage a buɗe allon nan. In ba za ka zo ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba, amma ina so in sani tun yau, don in shirya abin da zan faɗa wa mutumin.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri.